Na Je Hawan Keke, Keke Ya Hau Ni

Tumbi ne ya fara jawo mini, ɗan yayata ya ƙarasa. Likita ya auna ni sama da ƙasa, ya ce in ban soma motsa jiki ba, hawan jini na nan tafe da kayansa. To ni ban ga yadda mai furfura a gemu zai riƙa sassarfa a titin sakatariya ba, ƙananan ma'aikata suna rage tafiya don su gaishe shi. Yaron nan kuwa, da yake zaune a gidana yana karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, sai ya miƙo mini wayarsa. Turawa ne a kan kekuna masu kaurin taya, suna gangarowa daga kan tsauni, ƙura na bin bayansu.

"Kawu, waɗannan fa sai sun ɗora keken a mota sun yi doguwar tafiya kafin su sami dutsen hawa. Mu kuwa ga shi nan a bayan katanga."

Ya karanto mini tarihin abin tiryan-tiryan. Wasu matasa ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka suka fara shi, suna ɗaukar tsofaffin kekuna su gangaro daga dutsen Tamalpais. A 1976 suka mai da shi tsere, kuma birkin kan yi zafi har girisin cikinsa ya ƙone, sai an cusa sabo kafin a sake hawa. A 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta. Maganar birki mai ƙonewa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Olamfik ɗin na riƙe.

Keken na gwanjo ne, daga Kano aka kawo mini shi. Giyarsa 21, gabansa da shokazoba, amma babu kariya, babu madigadi, babu ƙararrawa, sirdin kuma an yi shi ne don wanda bai taɓa cin tuwo ya ƙoshi ba. Hular kwano na yarda na sa. Gajeren wandon nan mai ɗame jiki kuwa na ce har abada. Na sa wandon shadda, na cusa ƙafafunsa cikin safa.

Akwai abin da yaron bai karanto a wayarsa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekuna suka dawo titunan Dutse, kuma kowa ya san dalilin dawowarsu. Mai mota ya fito a kan keke, ai ba sai ya yi bayani ba. Ina fita da hantsin wata Asabar ta farkon hunturu, maƙwabcina ya dube ni, ya dubi keken, ya leƙa garejina, ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, Allah ya kawo mana sauƙi." Na ce amin, na taka feda. Shi kuwa mai kawo shawarar, wai yana da lacca.

Na bi ta wajen Garu, tsohon garin da fadar sarki take, na bar kwalta na shiga tsakanin itatuwan dabino. Nan kam duniya sabuwa. Iska mai sanyi, ƙasa a take, duwatsun nan sun yi tsaye sun hau kan juna, wani ƙato a kan wani ƙarami, ka rantse atishawa za ta ture shi. Masana ilimin ƙasa sun ce sun haura shekara miliyan 200, kuma suna cikin jerin da ya taso tun daga Azbin a Nijar ya ratsa ta Jos. Duk tsawon zamanin nan ba su matsa wa kowa ba, ba kuwa a kaina za su fara ba.

A Ingila, in ji yaron, hanyoyin wannan wasa fenti ake yi musu: kore na 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, baƙi na waɗanda suka sallama rayuwa. Namu hanyoyin ba injiniya ya zana su ba. Awaki ne, da shanun Fulani, da mata masu itace, da manoma. Alamar da ke nuna hanya na ɓullewa ita ce kashin awaki, kuma akuya tana ɓullewa ta inda ɗan Adam ba ya ɓullewa.

Hawan ya fara. Na danna wani maɓalli, fedar ta yi tauri, na miƙe tsaye a kanta ba ta motsa ba. Na danna ɗayan, ƙafafuna suka shiga juyawa da gudu, keken na tafiyar hawainiya. Wani yaro mai kiwo ya cim mini a ƙafa, ya gaishe ni, ya wuce, ya tsaya ya jira ni, ya sake wucewa. A nan wandon shadda ya zame daga safa, kaca ta cafke shi, ta yage shi har gwiwa. Na sauka na tura. Da hanyar ta zama tsagar dutse, turawar ma ta gagara, na saɓa keken a kafaɗa. Yaron ya zauna a kan wani fale yana kallo, can ya ce, "Baba, lalacewa ya yi?" Na ce lafiyarsa ƙalau. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To kai ne?"

Daga sama dai garin ya yi kyau, wannan ba na musunsa. Ga rufin kwanon gidaje, ga dabino, ga gonakin da aka girbe sun miƙe har inda ido ya tsaya. Na sha ruwa, na juya kan keken ta ɗaya ɓarin, wanda ke gangarawa kwari.

Gangaren bai ɗauki lokaci ba. Keken ya ɗauki gudun da ban ba shi ba, duwatsu suna tahowa, na damƙe birki da iyakar ƙarfina, na gaba na damƙa. Keken ya tsaya cak. Ni ban tsaya ba. Ƙarangiya ce ta tarbe ni, busasshiya, wadda ta gama nuna, ta kama ni daga safa har gemu.

A gindin kwarin akwai wata korama da ta ƙafe tun ƙarshen damina, ba komai cikinta sai yashi. Ina shiga tayoyin suka nutse. Na koma gefe inda na ga ƙasa ta yi fes, ashe shimfiɗar tsidau ce. Wanda ya taɓa taka shi ba takalmi ya san shi: ko ta yaya ɗan ƙwallon nan ya faɗi, ƙaya ɗaya na kallon sama. Tayar gaba ta yi ajiyar zuciya, ta baya ta amsa mata.

Ina tsaye ina cirar ƙarangiya na ji ƙararrawa. Wani dattijo ne a kan tsohon Phoenix mai birkin ƙarfe, giya ɗaya tal, buhu biyu ɗaure a kariya, kaji sun rataya a hannun keken. Bai bi yashi ba, bai bi tsidau ba, wani siririn layi ya bi a gaɓar koramar, inda kofaton shanu ya daddale ƙasa. Ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, muka gaisa. Shuwarin za shi.

"Kai fa, ina zuwa?"

"Babu ko'ina, Baba. Zagayawa nake yi in koma gida."

"Me ka ɗauko?"

"Ba komai."

"Wa ya aike ka?"

"Likita."

Ya dubi hular kwanon, ya dubi yagaggen wandon, ya gyaɗa kai a hankali irin na wanda ya gane komai. "Allah ya ba ka lafiya, ɗana. Ka riƙa shan maganin a kan kari." Kafin ya tafi ya shafa keken, ya tambayi kuɗinsa. Da na faɗa sai ya yi salati, ya ce, "Kuma ko kariya ba su sa maka ba?"

Shi ya nuna mini hanyar ƙauyen da ke gaba, inda na sami mai faci a gindin darbejiya. Famfonsa ya ƙi shiga, don bawul ɗin siriri ne irin na Faransa. Ya yi dabara da guntuwar roba, ya hura, ya tsoma robar cikin tayar a kwanon ruwa. Ruwan ya tafasa ta ko'ina. Ya ɗaga ta sama ya nuna wa 'yan kallo, don zuwa lokacin an taru, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai rariya ce. In na ce zan lilliƙe ta, sai mun yi isha'i a nan."

Amalanke ce ta dawo da mu, ni da keken, a kan damman karan dawa. Shanun ba sa sauri, kuma mai amalanken ya ce ba zai sauke babban mutum a bakin gari ba, sai ƙofar gida. Haka muka ratsa unguwa bayan la'asar, daidai lokacin da kowace majalisa ta cika. Na cire hular na ɗora a cinya, ina amsa gaisuwa dama da hagu.

Kafin magariba labari ya kai har Kiyawa, inda surukaina suke, kuma ya ƙara ƙiba a hanya: an ce na sayar da mota, an ce gidan ma yana hannun dillalai. Washegari da sassafe sai ga ɗan acaɓa da buhun gero da jarkar man gyaɗa, da saƙon surukina cewa arziki na Allah ne, kada in sa damuwa a raina, kuma in da hali a turo yara su yi hutu a can don a rage mini nauyi. Uwargida ta ce in kira shi maza in warware masa. Na ɗaga buhun na ji nauyinsa, na buɗe na duba, sabon gero ne, an sheƙe shi tas. Na ce da ita a fara shigar da shi ɗaki tukuna, a kuma haɗa wa yaran kayansu.