Guzurin Maniyyata: Kowa da Irin Ƙullinsa

Daga Sakkwato zuwa Madina tafiyar kimanin awa biyar ce a jirgin sama. Amma in ka leƙa gidan maniyyaci a 'Yargalma, ko Gummi, ko Nasarawar Burkullu, ana saura mako biyu a tashi, sai ka rantse da ƙafa za a je. Turmi ba ya hutawa. Nan ana dakan yaji, can an baza kuɓewa a tabarma tana shan rana, an aika yaro kasuwa neman daddawa mai kyau, ragon da aka yanka kuma rabinsa ya zama dambu, rabi yana cikin mai yana soyuwa.

Gado ne. Kakanninmu da suka bi ta Borno da Chadi da Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya daga Suwakin, shekaru suke yi a hanya, wasu ma a Sudan suka yada zango har yau jikokinsu na can. Su kam guzuri dole ne. Jirgi ya zo ya rage tafiyar, ya kasa rage ƙullin. Hukuma ma ta ari kalmar: dalolin da ake damƙa wa alhaji, waɗanda a 2024 suka kasance dala 500, kuɗin guzuri ake ce musu. Sai dai je ka faɗa wa tsohuwa cewa takarda ce guzuri. A wurinta abin da bai shiga turmi ba bai cancanci sunan ba.

A shekarar da na sauke farali, mu shida aka haɗa ɗaki ɗaya a wani gidan haya a unguwar Misfala ta Makka, matanmu kuma suna hawa na sama. A nan na gane cewa in kana son sanin halin mutum, ba sai ka tambayi maƙwabcinsa ba. Buɗe jakarsa.

Gwaggona ita ce shugabar masu tashi da madafi ɗungurungum. An ce jakar hannu kada ta wuce kilo 8. An faɗa a bita, an maimaita a sansanin alhazai na Gusau. Gwaggo ta ji, ta ce to. Da aka ɗora tata a sikeli, allurar ta wuce inda ake zato, ta ci gaba da tafiya. Aka zazzage. Garin dawa, garin kunu, tsamiya, kuka, busasshiyar kuɓewa, kanwa, hoce a leda, man shanu cikin gorar ruwa, da muciya sabuwa dal wadda aka sassaƙa takanas domin tafiyar. Jami'in, yaro ne da bai wuce sa'ar ɗanta na uku ba, ya ɗaga wani ƙulli da aka naɗe da leda har biyar, amma duk da haka ƙamshinsa ya riga shi fitowa.

"Inna, mene ne wannan?"

"Daddawa ta, ɗana."

"Wannan fa?"

"Muciya ta. Ko can ƙasar da hannu suka tuƙi?"

Muciya ta sha da ƙyar, bayan an yi ta shawara ko makami ce. Man shanu kam bai tsira ba, don dokar jirgi ba ta barin abu mai ruwa ya wuce ɗan mitsitsin kwalba a jakar hannu. Gwaggo ta dage cewa daskararre ne, kuma gaskiyarta, a daskare ya baro gida. Zafin Sakkwato ne ya ci amanarta. Abin da ya rage ta rarraba wa matan ƙauyenmu, kowace ta ɗaura kilo guda a ƙugu ƙarƙashin hijabi. Ranar nan matan 'Yargalma sun shiga jirgi da ƙiba, sun sauka Madina sun rame.

Muna isa Makka ta sayi ƙaramin murhun lantarki da tukunya. Mai gadin gidan, wani Bature-ba-Bature ba, Balarabe-ba-Balarabe ba, kullum sai ya hau sama yana ɗaga hannu yana "Mamnu'u, Hajja, mamnu'u!" Ita kuma ta ce masa, "Sannu da aiki, ɗan nan," ta miƙa masa malmala. A mako na biyu shi ke kawo kwanonsa. A Mina ne kawai ta haƙura, don tun gobarar 1997 da ta ci rayukan alhazai sama da ɗari uku ba a wasa da maganar wuta a tantuna. Kwana ukun nan ta yi su kamar mai takaba.

Akwai kuma mai yaji. Shi bai ɗauki komai ba sai gwangwanin madara guda, cike da yajin ƙuli-ƙuli da uwargidansa ta daka da citta da masoro da kanumfari. Dattijo ne manomi daga wajen Anka, ba ya da yawan magana. Ya fi kowa wayo. Abincin da ake rabawa shinkafa ce da kaza, yau da gobe da jibi, kazar kuma irin wadda ba ta taɓa tono a bola ba, nama lugub ba ɗanɗano. Kafin kwana biyar dattijon nan ya zama sarkin ɗaki. Shi ake bar wa gado kusa da na'urar sanyaya ɗaki, shi ake riƙe wa takalmi a Harami. In ya buɗe gwangwanin nan, hira tsayawa take yi.

Kishiyarsa shi ne mai ɓoyo. Da rana yana cikin masu kukan rashin abincin gida, har ya fi kowa tsaki. Sai dare ya raba, an kashe fitila, ka ji ƙaras, ƙaras, daga ƙarƙashin bargo. Kilishi ba ya iya sirri: takardarsa tana da ƙara, ƙamshinsa yana da ƙafa. In ka yi gyaran murya sai ƙarar ta tsaya, a koma minshari na ƙarya. Da safe ka gan shi da jan mai a gefen baki yana tambaya wa ya ji motsin ɓera jiya. Mutum ya biya miliyoyi ya zo neman gafara, ya ɓuge da ɓoye wa ɗan'uwansa tsinken nama.

Mai rabo bai daɗe ba. Tun a filin jirgi ya kwance dambunsa, "Bismillah, Alhaji, bismillah," kafin mu bar Madina ko ƙyalle babu. Sauran kwana talatin a kwanon jama'a ya yi su, kuma ba wanda ya iya hana shi, don kowa ya ci nasa.

Mai lissafi daban ne. Duk abin da ya gani sai ya juya riyal zuwa naira, ya dafe ƙirji. Shayi kofi guda, ya ce wannan kuɗin a Bukkuyum tiya ce ta gero. Don haka ya zo da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, ya jiƙa da safe, ya jiƙa da dare, dalolin guzurinsa suna cikin ɗamara ba a taɓa su ba. Ranar da aka gama aikin Hajji ya fantsama kasuwa: dabino, bagaruwa, darduma, tazbaha, jallabiyar yara, agogon bango mai kiran salla, haƙorin Makka biyu. Ya koma gida wuyansa kamar na zalɓe, jakarsa kuma sai da mutum biyu suka kama masa.

Mai goro ne ba na yi wa dariya sosai. Saudiyya ta hana shiga da goro, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, kuma kowace shekara sai ta yi gargaɗi, amma kowace shekara sai an samu wanda ya tusa shi cikin garin kunu, ko safa, ko ya fasa shi ƙanana ya cakuɗa da soyayyen nama. Wani cinsa yake, ba ya iya yini babu. Wani kuma ya ji labarin tsadarsa a can ne, yana son ya mayar da kuɗin kujera. Duk ɗaya ne a wurin na'urar da ke leƙa cikin kaya. Ƙaninsa a wauta shi ne mai karɓar saƙo: wani da bai sani ba ya tare shi a sansani, "Don Allah Alhaji, ɗan yaji ne, ka miƙa wa 'yar'uwata a Jidda," shi kuma kunya ta hana shi cewa a'a. Ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya a cikinta kisa ne ba wurin gwada kara ba ce.

Har yanzu ban faɗi wanda ya fi kowa ban haushi ba, wato ɗan boko. Shi ne mai cewa, "Haba, sai ka ce daji za mu? Ƙasar da ake da komai?" Shi ne mai toshe hanci in an wuce da daddawa, mai jin kunyar a gan shi da leda a filin jirgi. Mahaifiyarsa ta kwana tana soya masa nama, ta ƙulla da yaji da 'yar kuka, ya karɓa da ladabi, yana isa Gusau ya ba direba kyauta. Kwana uku na farko yana ta yabon gurasar Larabawa da kazar Albaik, yana ɗaukar hoto. Rana ta huɗu ya yi shiru. Rana ta shida aka gan shi a lungun Misfala, tsugune gaban wata Batakariya mai tuwo, cikin Hausawan da suka daɗe da zama can, yana biyan riyal masu zafi a kan malmalar da a gida ko bara aka yi za a ba shi ita kyauta. Rana ta bakwai ya ɗauki farantinsa ya matsa kusa da dattijon Anka.

"Baba, ko akwai ɗan saura a gwangwanin nan?"

Dattijo ya dube shi, ya dubi farantin. "Ashe kai ma kana ci, malam?" Ya zuba masa rabin cokali, ya mayar da murfi ya danne.

Ni ne ɗan bokon. Har yau in mun haɗu da Gwaggo a wurin biki sai ta tambaye ni lafiyar direban Gusau.

Kada a ɗauka alhazan ƙauye ne kaɗai. Manyan da ke kama gida mai madafi a Makka don Umrar azumi, da masu kai mara lafiya Alƙahira, da ɗaliban da ke tafiya Ingila, buɗe akwatin kowa za ka tarar da kuka a ƙarƙashin shadda. Bambancin kawai, su a roba mai murfi suke zubawa, su manna mata takarda da sunan Turanci.

Saura mutum ɗaya, wadda ta tafi da garin kunu ta dawo da shi ko kwancewa ba ta yi ba. Bai ɓaci ba, daraja ma ya ƙara. Garin da ya je Madina, ya kwana a Makka, ai ba a dama shi haka kawai; cokali-cokali aka raba shi ga maƙwabta tare da ruwan Zamzam, har da masu cewa a ɗan ƙara musu saboda mai ciki.

Maniyyacin bana, ka bar goro a gida, kada ka karɓi ƙullin wanda ba ka sani ba, man shanu kuma ka sha abinka kafin ka tashi. Amma abin da mahaifiyarka ta ƙulla maka, in dai busasshe ne, saka shi a jaka ka ja zif. Gwangwanin yaji bai kai rabin kilo ba.