Minti Goma a Yelwa

Laifin talabijin ne. Na daɗe ina kallon manyan jiragen ruwan nan na masu yawon buɗe ido, benaye hawa-hawa, fasinja na kishingiɗe ana miƙo masa lemo, har na sa a raina cewa duk ruwa mai faɗi haka ake bi ta kansa. Saboda haka da na je Shanga ziyara wajen wani abokina da muka yi makaranta tare, ya ce akwai jirgin da zai gangara kogin Kwara gobe har Wara, ban tsaya wata tambaya ba. Ya ce, "Akwai mota fa, Malam." Na ce mota ai muna da ita a Kano.

Da asuba na zuba farar shadda, na kafa hula, na sa takalmi sau-ciki, na ɗauki jaka da littafin rubutu. Abokina ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ban gane ba a lokacin, amma shaddar yake yi wa addu'a.

Jirgin na katako ne, dogo, da inji a gindi. Mazaunina buhun masara, maƙwabcina babur, sai wata tunkiya da ta ƙura mini ido kamar ina riƙe mata bashi. Duk da haka tafiyar farko ta yi daɗi. Hunturu ne, hazo ya kwanta a kan ruwa, masunta na ta jefa birgi daga kwale-kwale. Har na rubuta layi biyu. Da hantsi muka iso tashar jiragen ruwa ta Yelwan Yauri, matuƙi ya kashe inji, ya ce, "Minti goma, za mu ɗauki ɗan kaya."

Ɗan kayan nan albasa ce. Mutanen ƙasar Yauri, musamman Gungawa, sun yi suna wajen noman albasa a tsibirai da gaɓar kogi, kuma ranar nan na rantse duk abin da suka noma jirginmu yake jira. Buhuna jibge kamar ganuwa, wasu ma ba su iso ba tukuna, suna can cikin amalanke. A nan na fahimci matsayina: albasa ce fasinja, ni ciko ne.

To, na ce bari in sauka in ga gari. Na taka wani siririn katako da aka gitta daga jirgi zuwa tudu. Yara masu ɗauke da buhu a ka suna bi ta kansa a guje, suna hira. Ni da ba na ɗauke da komai sai girman kai, na yi taku uku, na huɗu ya sauka cikin taɓo. Ƙafa ta fito, takalmi bai fito ba. Wani yaro ya zura hannu har kafaɗa ya zaro shi, ya ce ɗari biyu. Ban yi ciniki ba. Mai tsaye da ƙafa ɗaya ba ya ciniki.

Tashar kaya ba wurin kallo ba ce, wannan shi ne abin da talabijin bai gaya mini ba. Kowa da aikinsa. 'Yan dako na sauke itace da gawayi, makanikai sun kwance injin Yamaha a kan tabarma suna wanke shi da fetur, kafintoci na toshe ɓarakar wani jirgi, mata na juya tarwaɗa a kan banda, hayaƙi na tashi. Duk inda na tsaya, hanyar wani ce. "Malam, gafara!" "Alhaji, matsa!" Cikin rabin awa na ji gafara fiye da yadda na ji a duk shekarar bara.

Sai na tuna ai ni mai karatu ne, bari in nemi tarihi. Ta nan Bature Mungo Park ya wuce a 1806 kafin ya halaka a Busa, kuma a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo Yauri suna cigiyar takardunsa. Na sami wani dattijo Basarke yana ɗinkin koma a inuwa, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, in mutum yana son ganin inda Baturen nan ya mutu, ta ina zai bi?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka iya nutso?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ba ka ganin shi." Gaskiyarsa. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin tafki tun 1968 da aka tare kogin a Kainji, aka kwashe dubban mutane zuwa sababbin garuruwa. Tarihin da na zo nema yana can tare da giwan ruwa.

Janareton mai cajin waya na ta ruri kusa da mu (ga ruwan da ke juya injinan lantarkin Kainji a gabana, ga ni na biya kuɗi a caja mini waya da fetur, amma bar wannan zance). Cikin ƙarar na ji Baba ya ce, "Yanzu lokacin baƙin ruwa ne." Na ɗauka baƙi yake nufi, irina, masu zuwa ganin ruwa. Na dafa ƙirji na ce, "Allah ya saka, Baba, mun gode da tarba." Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni sosai. Ashe Kwara sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, daga ruwan saman ƙasashen nan kusa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi ta jan ƙafa cikin fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, bai iso nan sai da hunturu. Ruwa ya yi watanni a hanya bai yi ƙorafi ba, ni awa uku har na fara duba agogo. Na zaro littafi in rubuta wannan.

Littafin ne ya jawo mini. Farar shadda, ko da ƙasanta ya zama ruwan ƙasa, ga hula, ga biro, ga mutum yana zagayawa yana leƙe-leƙe: tashar ta yanke hukunci cewa ni ma'aikacin haraji ne. Wata mai kifi ta ja tabarma ta rufe kwandunanta. Wani ya kawo mini kujera, abin da na nema tun safe ban samu ba. Aka kawo shayi. Na sha rabi kafin wani ɗan kamasho ya sunkuyo ya ce, "Ranka ya daɗe, daga wane ofis?" Na ce ni fasinja ne. Kujerar ta riga shayin tafiya.

Azahar ta wuce, la'asar ta kawo kai. Na je wajen matuƙi, ya ce saura kaɗan. Na ci tuwon shinkafa da miyar kifi wajen wata Inna, kuma in faɗi gaskiya, ƙarfasar nan ita kaɗai ta isa dalilin zuwa Yauri. Na ƙirga kwale-kwale. Na ƙirga akuyoyi. Wani Alhaji mai fataucin albasa ya lura da ni, ya ce, "Malam, tunda kana da biro kuma ba ka da aiki, taimaka ka riƙe mini lissafin buhunan nan, yarona ya tafi salla."

Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki haka ba. Na tsaya bayan wata babbar mota da ake yi wa lodi, kowane buhu ya wuce in ja layi, na biyar in gitta. Na kama wani ɗan dako ya so ya ƙirga buhu ɗaya sau biyu, na ce a'a, sittin da bakwai muke. Alhaji ya ce, "Ka ga amfanin boko!" 'Yan dako suka fara kirana Malam Akawu. Karo na farko tun safe, ba wanda ya ce mini gafara.

Muna kan ɗari da goma sha huɗu na ji ƙarar inji. Na waiga. Jirginmu ne, ya nutse da albasa har baki, ya riga ya yi tsakiyar ruwa. Ina hango tunkiyar. Na ruga bakin gaɓa ina ɗaga littafi ina ihu, mutanen cikin jirgin suka ɗago mini hannu cikin fara'a.

Alhaji ya sallame ni da rabin buhu. Na shiga motar haya da magariba na koma Shanga, albasa a kan cinya. Abokina ya buɗe ƙofa ya ce, "Har ka dawo? Yaya Wara?" Na miƙa masa buhun na wuce ciki.

Jakata kuwa ta je Wara. Kwana uku ta yi tana yawon tafki, aka dawo mini da ita ba abin da ya ɓata, sai dai har yau in na buɗe ta a ofis, na kusa da ni kan tambaya ko wani ya zo da kifi.