Kai-tsaye, amma na safe

Kowane oga yana son ya buɗe allo ya ga cinikin kamfani yana motsi kai-tsaye. Masu talla kuwa sun ce ba wuya: a haɗa manhajar Looker Studio ta Google da rumbun bayanai na MySQL, a sha shayi.

Shayin kan huce. Za a ba da adireshin rumbun, da lambar ƙofa 3306, da kalmar sirri. Sannan a roƙi jami'in tsaron na'urori ya buɗe wa adiresoshin Google hanya, shi kuwa don ya ce a'a ake biyansa albashi.

In an dace sun haɗu, sai tafi. Ba wanda ya gaya wa oga cewa manhajar kan riƙe amsar da ta samo har awa 12 kafin ta sake tambaya. Ɗan aike ne da ya je kasuwa da hantsi, bayan isha'i yana nan yana rantsuwa a kan farashin safe.

A ce ta riƙa tambaya akai-akai? Rumbun ya hau nishi, masu karɓar kuɗi su yi cirko-cirko. In kuwa rumbun BigQuery ne, gwargwadon bayanan da aka bincika, gwargwadon kuɗin da za a biya. Ranar da takardar biya ta iso, oga da kansa zai ce alƙaluman jiya ma sun wadatar.