Jinjina ga Takardar Ofis, Gimbiyar Mayo-Sava

Ranki ya daɗe takardar ofis, gimbiyar Mayo-Sava ta ƙasar Kamaru, mai jan hatimi a ƙirji, uwar ɗakin allon sanarwa, wadda ba ta taɓa zubar da girmanta ta yi maganar da talaka zai gane ba! A Mora, fadar sarakunan Wandala, ana ciniki da Wandalanci da Fulatanci da Barbarci da Larabcin Shuwa da Hausa. Ke kaɗai kika kame bakinki daga duka, kika tsaya kan Faransanci, shi ma na lauyoyi, mai jimla ɗaya da ke cinye rabin shafi.

Dubi natsuwarki! Kafin ki gaya wa manomin Kolofata abin da ake nema a wurinsa, sai kin gaida tsarin mulki, kin gaida doka, kin gaida dokar da ta gyara dokar, kowacce da lambarta da shekararta. Ainihin zancen yana can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, a lulluɓe kamar amarya. Wannan ita ce kunya, tarbiyyar gidan girma.

Mahassada suna cewa tun 1979 aka tsara wa harsunan Kamaru baƙaƙen rubutu na bai ɗaya, wai kuma tsarin mulkin 1996 ya yi alkawarin kare harsunan gida da bunƙasa su. Har suna tuna mana dattawan da suka yi allo suna karanta ajami. To, ai an share musu hawaye. A 2017 an kafa hukumar bunƙasa harsuna biyu, Faransanci da Ingilishi, a 2019 aka yi dokar harsunan hukuma. Yanzu tsohuwar Tokombere da ba ta jin Faransanci ta sami cikakken 'yancin kasa gane takarda da Ingilishi ma. Ina aka taɓa yi wa talaka gata irin wannan?

Ga kuma albarkarki, mai ciyar da bayi: marubucin bakin ofis yana cin abinci a inuwarki, ɗan firamare ya zama tafintan kakansa. Ƙanwarki ta cikin kwalin magani ma ta gaji halinki, tana barin mai jego ta auna wa jariri da tawakkali.

Masu ofis, Allah ya ƙara muku basira, kada ku gajarta jimla, kada ku fassara, kada ku ƙara wa baƙi girma. Wanda ya gane abin da ya dangwala wa yatsa yau, gobe rasit zai tambaya.