Zuwa ga Rocky na Tudun Wada

Bazazzagi, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara durƙusawa. Labari ya iso mana cikin ganuwa cewa tun da ka kalli K.G.F. ka yi hannun riga da wanzami. Ka tara gemu da suma, ka sayi baƙin tabarau, kana taku ɗai-ɗai a titin Tudun Wada kamar rago mai jiran Babbar Sallah. Yara na kiran ka Rocky, kai kuma kana ɗaga musu hannu.

An ce har lacca kake yi a majalisa, wai fim ɗin Bombay ne. Haba, mutumin garin ilimi! Zauna Bakano ya karantar da kai. Daga jihar Karnataka ya fito, can kudancin Indiya, inda ake magana da harshen Kannada, kuma cibiyar finafinansu birnin Bengaluru ce. Prashanth Neel ne ya ba da umarni, kamfanin Hombale Films ya zuba kuɗi. Kashi na farko ya fito a Disambar 2018, na biyu ranar 14 ga Afrilun 2022, muna tsakiyar azumi, ya kuma tara sama da rupi biliyan 10, abin da babu fim ɗin Kannada da ya taɓa yi kafin shi. Mahaƙar zinaren Kolar da aka gina labarin a kanta ta gaske ce, an rufe ta a 2001. Jarumin kuwa, Yash, wanda ya fito a matsayin Rocky, ɗan direban bas ne. Kai da kake ɗan malami, me ka tara ban da gashin baki?

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wai a nan kake koyon soyayya. A K.G.F.? Rocky ya ga wata budurwa Reena, ya ce yana so, ta ce ba ta so, a kashi na biyu ya ɗauke ta da ƙarfin tsiya ya ajiye a gidansa, tana fara sakin jiki harsashi ya same ta. Masu sharhi a Indiya ma sun soki yadda aka mayar da mace kayan ado a fim ɗin, hukumar yaƙi da taba ta jiharsu kuma ta aika wa jarumin takarda saboda yadda ya kunna sigari da bakin bindiga mai zafi a tallan fim. In soyayya da faɗa kake nema a kwano ɗaya, nemi Mr. and Mrs. Ramachari na 2014. A can Yash ɗalibi ne mai zuciya a kusa, yana duka yana lallashi, kuma Radhika Pandit da suka fito tare ita ya aura a 2016. Amma na san ba za ka iya ba. Uwargida ta aiko mana cewa ranar da ka gwada yi mata muryar Rocky, kallo ɗaya ta yi maka ka ɗauki bokiti ka nufi rijiya.

Mu nan fim ɗin Indiya ba baƙo ba ne. Tun farkon shekarun 1950 aka gina silimar Palace a Jakara, dab da Kurmi, malamai suna ta faɗa a kan an shigo da majigi cikin birni. Iyayenmu sun kalli Mother India har sun haddace inda za a yi kuka. Mu muka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, muka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Sanjay ne fa Adheera ɗin da ya hana ka barci a kashi na biyu, mai kitso da zane a fuska. Uwarsa Nargis ita ce uwar nan ta Mother India, ubansa Sunil Dutt shi ne ɗanta Birju mai taurin kai. Wato mun san gidansu tun kafin a haife shi, kai kuwa jiya ka gan shi a waya.

Wayar ma wa ya tura maka? Ba da harshen Kannada ka kalla ba, kar ka yi mana ƙarya. Fassara ka kalla, irin wadda su Algaita suka yi suna a kanta a nan Kano, inda ake sa wa Ba'indiye bakin matasan unguwa, yana cika baki yana zuba karin magana. 'Yan Kannywood sun daɗe suna kukan cewa Indiya-Hausa ta cinye musu kasuwa, tun ana sayar da faifai a Ƙofar Wambai har aka koma shagunan tura finafinai. Duk wata barazanar da kake maimaitawa gaban madubi, Bakano ne ya zauna a ɗakin ɗaukar murya ya tsara maka ita. Ko iskancin ma sai mun ara muku.

Ni dai a kan wannan fim ina bayan malaman nan na Jakara. Fim duk ƙura da duhu da ƙarar guduma, hoto bai kai daƙiƙa biyu ba an yanke, ka fito kunne na amsa kuwwa, babu waƙa ɗaya da mai shayi zai bi da safe. Abu guda na yaba: Rocky ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ba zai mutu matsiyaci ba, ya kuma cika, ko da yake teku ce ta haɗiye shi da zinaren.

Tunda ka zama mai mahaƙar zinare, Cika-ciki na tafe, kuma kuɗin sharar bara ma ba ka biya ba. Ka haɗo duka biyun ka ba direban motar Kwangila, kar ka ce babu canji.