Masu Maimaita Shawara a Gindin Dara

Dara wasan mutum biyu ce, amma da wuya a tarar da mutum biyu kaɗai a kanta. Gurabe 30 ake tonawa a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan tsinkaye, wancan tsakuwa. Idan an gama zubawa, ɗa gurbi ɗaya yake matsawa, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Jera huɗu ba ci ba ne. Don haka turin da ke da amfani a lokaci guda bai cika wuce biyu ko uku ba, 'yan kallo kuwa sukan kai goma. Shawara kaɗan ce, bakuna da yawa, dole a maimaita. Masu maimaitawar kuma iri-iri ne.

Akwai mai zuwa a makare. Yana jingine kekensa, sallamar ma bai ƙarasa ba, sai ya ce, "Baba, tura na gefen nan!" An riga an faɗi haka sau uku, an kuma nuna cewa tura shi buɗe ƙofa ne. Shi ba ya tambayar abin da aka tattauna, domin a lissafinsa wasan ya fara ne da isowarsa.

Sai mai sake wa magana riga, wanda ya fi kowa wahalar kamawa. Wani ya ce a toshe gurbin tsakiya, an ƙi. Shi sai ya yi gyaran murya, ya gyara zaman hula, ya ce, "Ni dai a nawa ɗan ganin, kada a bar tsakiyar nan a buɗe." Idan aka ce ai abin da aka faɗa ke nan, sai ya ɓata rai, ya ce tasa daban ce: wancan toshewa ya ce, shi kuwa rufewa yake nufi. Akan fi minti goma ana wannan musu, 'yan wasan sun tallabe haɓa suna jira.

Ɗan amshin shata ba shi da tasa. Jira yake mai kuɗin majalisar ya yi magana, ya ce, "Ka riga ni a baki, Alhaji," sannan ya sake zayyano ta daga farko. Kusa da shi akwai mai ƙarfin murya, wanda ya yarda cewa ba a ƙin shawararsa, ji ne dai ba a yi ba.

Mai shawara ɗaya tilo dattijo ne galibi. Ya taɓa cin wani gwani da wata dabara tun kafin naira ta maye gurbin fam da sule a 1973, kuma ita yake bayarwa ko wane irin zubi aka yi. Ba a katse shi saboda furfura, ba a kuma bin ta.

Na ƙarshe ba ya magana sai an ci ɗa, sannan ya tafa hannu: "Ai na faɗa!" Ba wanda ya ji lokacin da ya faɗa.

Hanyoyin rage wannan sanannu ne. Wasu majalisu sukan hana ɗan kallo magana gaba ɗaya, dokar da ba ta kai wa la'asar. Wasu sukan ɗora wa mai maimaitawa sayen goro, sai dai mai sake wa magana riga kan tsira, tunda sai an tabbatar da laifin. Wadda ta fi ci ita ce a tashi a ba mai shawarar wuri, a danƙa masa tsinkayen. Yawanci a nan yake tuna an aike shi kasuwa.