Yadda Ake Haɗa Lemo Mai Hawa Uku a Watan Afrilu

Ba zan ɓata miki lokaci da zancen wanke hannu da wanke tukunya ba. Duk macen da ta taɓa karɓar baƙi a Maiduguri cikin bazara ta wuce wannan aji.

Makon jiya kwasar adashi ta faɗo kaina. Mu goma sha huɗu ne, kuma dokarmu mai kwasa ita ke saukar baƙi. Ana jibi taro tsautsayi ya kai ni TikTok, na ga wata baturiya tana tsiyaya lemo cikin wasu 'yan kofuna da ba su fi finjalin shayi ba: rawaya a ƙasa, fari a tsakiya, ja a sama, kowane launi zaune a mazauninsa. Nata da barasa take haɗawa, a yi masa kurɓi ɗaya a wurin shagali. Na yi a'uziyya, sannan na ce ai da mangwaro da madara da zoɓo sai na fi ta. Maigida ya ce in dafa zoɓo cikin bokiti kamar kowa. Ban ji bari ba. Ga hohon nan na jero miki.

Na ɗaya. Ki tafi Kasuwar Litinin, kowace rana ce kuwa, don sunan kawai ya rage mata, ci take kullum. Amma kada ki tambayi kowa hanya. Tun gobarar 26 ga Fabrairun 2023, wadda ta tashi da tsakar dare washegarin zaɓen shugaban ƙasa, kasuwar ta koma taswira uku a kan mutane: ta kafin wuta, ta bayan sabon gini, da ta bayan ambaliyar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga rumfuna. In kin ce ina masu kayan ƙamshi, sai a ce miki, "Hajiya, kin san inda mai kwanukan nan yake kafin gobara? To, ba nan ba." Haka na yi ta ɗawafi har na faɗa layin masu turare, kuma duk 'yar garin nan ta san abin da ke faruwa a can. Kanumfari na fito saye. Na fita da kwalbar humra, da turaren wuta, da alƙawarin wata lafaya da na ce a ajiye mini zuwa ƙarshen wata. Rabin kuɗin lemon ya ƙare ban ga ƙwayar zoɓo ba.

Idan kin isa wurin mai zoɓon, kada ki ce ya yi tsada, don amsarsa a shirye take. In bai ce gobara ba, zai ce ruwa. In bai ce ruwa ba, zai ce dala. Nawa kuwa ya fi su ilimi, cewa ya yi mutanen Meziko ne suka saye. Na ɗauka zolaya ce, ashe gaskiyarsa: busasshen zoɓon Arewa, musamman na wajen Jigawa, buhu-buhu ake fitar da shi zuwa can, suna dafa shi suna kiransa agua de Jamaica. Wato ni da ke Gwange ina takarar mudu ɗaya da mutumin da ke bayan teku. Sanigal suna sha da sunan bissap, Sudan da Masar karkade, maƙwabtanmu na Chadi karkanji. Duk duniya ta yarda a tuttula shi a babban kofi a sha a gode Allah. Ni kaɗai na ga ya kamata a yi masa bene.

Na biyu. Ki zaɓi mai duhu, wanda ya kusa baƙi, shi ke ba da launi. Mai hasken ya fi tsami. Citta, kanumfari, ɓawon abarba, kin san sauran. Abu ɗaya kawai: za a samu wata maƙwabciya da za ta leƙo ta katanga ta ce ki jefa 'yar kanwa ta kashe tsamin. Tana kashewa, ba ƙarya. Amma launin zoɓo da tsaminsa hanyarsu ɗaya, in ɗaya ya tafi ɗayan na biye. Na jefa kanwa kamar ƙwayar gyaɗa biyu, ina kallo jan nan ya rikiɗe ya koma kamar ruwan da aka wanke sabon baƙin hijabi. Lemon tsami ne ya cece ni; ina matsawa ja na dawowa. Sai da na matse guda bakwai, tsamin ya ninka na farko.

Na uku, kuma wannan ita kaɗai ce shawarar gaske a duk rubutun nan, ki riƙe ta da kyau. Abin da ke hana launukan cakuɗewa nauyin sukari ne. Wanda ya fi zaƙi ya fi nauyi, shi zai kwanta a ƙasa. Mai ƙarancin sukari ya hau kansa. Don haka mangwaronki ya sha sukari ya yi kauri, zoɓon ya zama tsararo. Ki kifa ƙaramin cokali a bakin kofin, ki riƙa ɗigawa a bayansa a hankali, kamar mai ɗura wa jariri magani. Kuma dole komai ya yi sanyi ƙarara.

Na huɗu. Sanyi.

Bari in ajiye cokalin nan tukuna. Baturiyar nan, da na sake kallon bidiyon, sanye take da rigar sanyi a cikin kicin ɗinta. Rigar sanyi! Mu kuwa a Afrilu zafi yana haura digiri 40 tun kafin azahar, ruwan randa kansa sai kin hura. Firjina ya daɗe da zama kabad. A ciki nake ɓoye kayan shayi saboda tururuwa. Mun ga duhun 2021 da aka tarwatsa turakun wutar hanyar Damaturu, garin nan ya yi wata da watanni ba lantarki, mun yi haƙuri. An buɗe tashar wuta mai aiki da gas a Maris ɗin 2023, mun yi guɗa. Amma wutar layinmu tana da wata baiwa: ta san ranar da kike da baƙi. Ranar da ba ki da komai a firji sai ta kwana ta wuni, ranar taro kuwa ko ƙyaftawa. Wallahi na gaji. Na gaji da lissafin rayuwata da ƙanƙara. Mace da girmanta, da 'ya'yanta, ta tsaya a ƙofar gida tana leƙen hanya kamar mai jiran ango, alhali dutsen ruwa take jira.

Yaron da za ki aika sayo ƙanƙarar kuwa, ki sani babur ba ya yawo a garin nan tun 2011, sai Keke Napep, shi kuma mai keke ba zai motsa ba sai ya cika, sai ya sauke wata a Kwastam, sai ya tsaya neman canji. Ƙanƙarar da aka saya kamar bulo ta iso hannuna kamar sabulun wanka da aka yi sati ana amfani da shi. Yaron ya miƙo mini leda cike da ruwa, ya ce, "Anti, sauran yana ciki."

Na biyar, ko na shida ne, oho. Madara. Kin taɓa ganin yadda ake yin awara, a zuba ruwan tsami a tafasasshen ruwan waken suya ya dunƙule? To, abin da zoɓo ke yi wa madara ke nan. Kofin farko ya yi kyau na daƙiƙa kamar goma, har na ɗauko waya. Kafin in buɗe kyamara farin ya tsinke, ya yi gudaji-gudaji yana yawo cikin ja. Ba zan faɗi abin da ya yi kama da shi ba, wata na iya cin abinci yanzu. Ki rushe hawan tsakiya. Bene mai hawa biyu ma bene ne.

Akwai shawara a kan ganyen na'a-na'a da ake sokawa a sama. Nawa ya yi yaushi tun a keke. Mu wuce.

Sai kofunan. A nan ne ya kamata in tsaya in yi tunani tun farko, da ina da shi. Wannan gari ne da baƙo ke shigowa a tarbe shi da "wushe, wushe," a dire masa jug ɗin ardeb, ruwan tsamiyar nan mai sanyi, ya sha har ya ce ya isa a ce bai fara ba. A irin wannan gari na fito da tire, na jera finjali ashirin da takwas, kowanne kurɓi ɗaya, ina tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ina murmushi. Falon ya yi tsit. Ƙanwar maigida ce ta fara magana, ta ce, "Anti, na tari ne ko na shawara?" Wata ta ce a'a, ɗanɗano ne, na gasken yana tafe. Babu na gaske. Shi ke nan abin da na wuni ina ɗigawa a bayan cokali.

Uwar adashinmu dattijuwa ce, ba ta son a kunyata mutum a gidansa. Ta ɗaga ɗaya ta duba ta hasken taga, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yata. Kawo mini kofin silba." Na kawo. Ta ɗauki finjali tara ta juye ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi cokalin nan nawa, shi dai wannan cokalin, ta juya sosai har abin ya koma launin kogin Ngadda a watan Agusta. Ta sha, ta yi hamdala. Sannan ta jawo ni kusa, ta rage murya don kada sauran su ji: "Ya yi daɗi. Amma gobe in za ki yi, ki riƙa gaurayawa. Duk sukarin ya kwanta a ƙasa."

Na ce to, Hajiya.

Shawarar ƙarshe, ko wace lamba ce. Ragowar zoɓon da kika ɗura a gora da ɓawon abarba a ciki, kada ki tura shi bayan ƙofa ki manta. Sukari da ɓawo da zafin Maiduguri ba sa zama wuri ɗaya su yi shiru. Kwana biyu gorar ta kumbura ta yi tauri kamar ganga. Ranar Juma'a maigida ya fito cikin farar shadda zai tafi masallaci, ya gan ta, ya ce wannan fa, ya murɗa murfin. Da kumfar ta lafa, ya shinshina hannun rigarsa, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya dube ni.

"Ashe dai," in ji shi, "irin na baturiyar kika haɗa."

Shaddar tana wurin mai wanki har yau. In akwai wadda ta san abin da ke fitar da zoɓo daga silin, ina layin da ba wuta, gida mai jan tabo.